Kafin a Gina Asibiti ko a Rufe Shi: Yadda Ake Jin Ta Bakin Jama'a a Jihohin Amurka

Gabatarwa

A watan Yuli na shekarar 2020, lokacin da annobar korona take kan ganiyarta, kamfanin Trinity Health ya ba da sanarwar cewa zai rufe asibitin Mercy da ke unguwar Bronzeville, a kudancin birnin Shikago na ƙasar Amurka. Shi dai wannan asibiti tun 1852 aka kafa shi, kuma babu wanda ya girme shi a duk faɗin birnin. Akasarin masu neman magani a cikinsa baƙaƙen fata ne da tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi. Masu asibitin sun ce asarar kimanin dala miliyan 4 suke tafkawa a kowane wata. To, amma duk da cewa asibitin mallakarsu ne, dokar jihar Ilinoi ba ta yarje musu su garƙame ƙofa su kama gabansu ba. Sai da suka rubuta takardar neman izini ga hukumar jiha mai lura da gine-ginen kiwon lafiya, aka sanar da jama'a, aka kuma ba kowa damar ya faɗi albarkacin bakinsa. Mazauna unguwar da likitoci da ma'aikatan jinya da wakilan jama'a suka yi ta bayyana halin da marasa lafiya za su shiga idan aka rufe shi. A watan Disamba na shekarar, 'yan hukumar suka haɗu a kan murya ɗaya suka ƙi amincewa da rufewar.

Wannan tsari na sanarwa da karɓar ra'ayi da sauraron ƙorafi shi ne abin da wannan maƙala za ta yi bayani a kai: asalinsa, da matakansa, da irin ilimin kimiyyar da ake kafa hujja da shi, da kuma inda yake samun tangarɗa.

Asalin Al'amarin

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin tarayyar Amurka ta kafa dokar Hill-Burton a 1946, wadda ta zuba maƙudan kuɗi wajen gina asibitoci. Gadaje suka yawaita, amma kuɗin jinya bai sauka ba, sai ma hawa da ya riƙa yi. Wani likita masanin lafiyar al'umma mai suna Milton Roemer ya bi diddigin lamarin a rubuce-rubucensa na 1959 da 1961. Ya lura cewa a wurin da inshora ce take biyan kuɗin magani, duk gadon da aka ƙara a asibiti ba ya daɗewa sai an sami mai kwanciya a kansa. Likita yakan kwantar da wanda da can gida za a sallame shi, ko ya ƙara wa majinyaci kwanaki, tunda ga wuri, kuma ba daga aljihun majinyacin kuɗin zai fito kai tsaye ba. Daga baya nauyin yakan dawo kan kowa ta hanyar tsadar inshora da haraji.

Bisa wannan fahimta, jihar Niyok ta zama ta farko da ta kafa doka a 1964 cewa ba za a gina asibiti ko a faɗaɗa shi ba sai an sami abin da ake kira takardar shaidar buƙata, wato izinin da ke tabbatar da cewa al'ummar yankin tana buƙatar aikin. A 1974 majalisar tarayya ta zartar da dokar tsara kiwon lafiya, wadda ta sa samun wasu kuɗaɗen tarayya ya rataya a kan jiha ta kafa irin wannan tsari. Zuwa farkon shekarun 1980 kowace jiha ta bi sahu in ban da Luwiziyana. A 1986 majalisar ta janye wannan tilas, wasu jihohi suka soke dokokinsu. A yau kimanin jihohi 35 daga cikin 50 suna da wani nau'i na tsarin, ko da yake abin da ya shafa ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A wata jiha gidajen kula da tsofaffi kaɗai ya shafa. A wata kuwa ya haɗa da ƙarin gadaje, da ɗakunan tiyata, da cibiyoyin wankin ƙoda, da sayen manyan na'urori irin su na'urar maganaɗisu mai ɗaukar hoton cikin jiki.

Shi kuwa tunanin cewa hukuma ba za ta yanke hukunci a ɓoye ba, ya girmi waɗannan dokoki. Tun 1946 Amurka take da dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya su buga duk ƙa'idar da suke shirin kafawa, su karɓi ra'ayoyin jama'a, su kuma bayyana dalilansu. Jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan tafarki.

Matakan da Ake Bi

Domin a ga yadda abin yake gudana, ya dace a ɗauki jiha guda a matsayin misali. Jihar Karolina ta Arewa tana daga cikin waɗanda suka daɗe da tsarin, kuma matakanta a fayyace suke.

Mataki na farko yana zuwa ne tun kafin kowa ya nemi izini. Kowace shekara jihar tana fitar da kundin tsarin gine-ginen lafiya, wanda wata majalisar masu ba da shawara take shiryawa, gwamna ya sa masa hannu. Kundin ne yake faɗin cewa yanki kaza yana buƙatar ƙarin gadaje kaza ko na'ura kaza. Ana gabatar da daftarinsa ga jama'a, ana yin zaman jin ra'ayi, kuma wanda ya ga an yi wa yankinsa ƙwauro yana iya rubuta koke a gyara.

Mataki na biyu shi ne shigar da takardar neman izini. Mai nema zai bayyana aikin da yake son yi, da kuɗin da zai ci, da inda zai samo su, da mutanen da zai yi wa hidima, da hasashen yawan marasa lafiyar da za su zo, da yadda zai kula da matalauta da tsofaffi da naƙasassu.

Mataki na uku shi ne sanarwa. Hukuma takan bayyana cewa wane ya nemi izinin abu kaza a wuri kaza, kuma takardunsa a buɗe suke ga mai son dubawa. A jihohi da dama ana buga irin wannan sanarwa a jaridar yankin, yanzu kuma ana saka ta a shafin hukuma na intanet. Sanarwa ita ce ginshiƙin komai, domin wanda bai ji ba, ba shi da ta cewa.

Mataki na huɗu shi ne ra'ayi a rubuce. A Karolina ta Arewa kowane mutum, ko mai haƙƙi ne kai tsaye ko a'a, yana da kwana 30 daga ranar da aka fara duba takardar domin ya aika da ra'ayinsa da hujjojinsa.

Mataki na biyar shi ne zaman sauraron jama'a. Ana yin sa cikin kwana 20 bayan rufe karɓar ra'ayoyi, a cikin yankin da abin ya shafa. Wajibi ne a yi zaman idan masu nema fiye da ɗaya suna takara a kan abu guda, ko idan aikin zai ci miliyoyin daloli da suka kai wani adadi da doka ta yanka, ko idan wani mai ruwa da tsaki ya nema a rubuce. A nan mai neman izini yakan mayar da martani kan sukar da aka yi masa, jama'a kuma su yi magana.

Mataki na shida shi ne hukunci. Hukuma tana da kwana 90, ana iya ƙara mata kwana 60. Tana iya amincewa, ko ta ƙi, ko ta amince bisa sharuɗɗa. Dole ne kuma ta rubuta dalilanta, ta nuna yadda takardar ta cika ko ta gaza cika kowane ma'aunin da doka ta shimfiɗa.

Mataki na ƙarshe shi ne ƙalubalantar hukuncin. Wanda abin ya shafa yana da kwana 30 ya kai ƙara gaban alƙalin harkokin mulki, inda ake kiran shaidu a yi musu tambayoyi kamar a kowace shari'a. Wanda bai gamsu ba yana iya wucewa kotun ɗaukaka ƙara ta jiha. Ya kamata a lura da bambanci a nan: ƙofar ba da ra'ayi a buɗe take ga kowa, amma ƙofar ƙara ta waɗanda doka ta lissafa ce, kamar mai neman izinin, da mazauna yankin, da masu irin wannan sana'a a yankin.

Game da masu takara a kan abu guda, akwai wata ƙa'ida da ta samo asali daga wani wuri dabam. A 1945 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Ashbacker, inda gidajen rediyo biyu na jihar Mishigan suka nemi zango ɗaya, hukuma ta ba ɗaya izini tun kafin ta saurari ɗayan. Kotu ta ce idan ba wa wani yana nufin hana wani, to sai an saurare su tare. Da wannan ƙa'ida ake aiki a yau idan asibitoci biyu suka nemi gadajen da ba za su ishe su duka ba.

Inda Kimiyya Take Shigowa

Ɗalibi zai iya tambaya, me ya haɗa wannan batu na doka da darasin kimiyya? Amsar ita ce, takardar neman izini cike take da iƙirari, kuma iƙirari abin gwadawa ne. Mai nema yana cewa mutane kaza ne a yankin, kashi kaza za su yi rashin lafiya, gadaje kaza ake buƙata. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana iya auna shi.

Ga misali na lissafi, wanda aka ƙago alƙalumansa domin koyarwa kawai. A ƙaddara wani yanki yana da mutum 100,000, kuma kowane mutum 1,000 suna cinye kwana 600 na jinya a asibiti a shekara. Jimillar kwanakin jinya ke nan 60,000. Idan aka raba da 365, za a ga cewa a kowace rana akwai kimanin majinyata 164 a kwance. Amma asibiti ba ya aiki lafiya idan kowane gado a cike yake, dole a bar sarari domin haɗari ko ɓarkewar cuta. Idan aka ce kashi 80 cikin 100 na gadaje ne ya kamata su kasance a cike, sai a raba 164 da 0.8, a sami kimanin gado 205. Idan yankin yana da 180, to akwai giɓin gado 25. Yanzu a ce wani malamin makaranta ya duba takardar, ya gano cewa an yi amfani da tsohuwar ƙidaya, mutanen yankin sun ragu zuwa 90,000. Idan aka maimaita lissafin, gadajen da ake buƙata za su koma kimanin 185, giɓin ya zama 5 kacal. Gyaran lamba guda ya sauya hukuncin baki ɗaya. Haka nan idan yankin tsofaffi sun yi yawa a cikinsa, kwanakin jinya za su haura 600, buƙatar ta ƙaru.

Misali na biyu ya fi wannan nauyi, domin rai ne a ciki. A 1979 wasu masu bincike uku, Luft da Bunker da Enthoven, suka wallafa nazarin da suka yi a kan asibitoci kusan 1,500 na Amurka. Sun gano cewa a wasu manyan ayyukan tiyata, kamar tiyatar zuciya, asibitocin da suke yin 200 ko fiye a shekara mace-macensu ya gaza na masu yin kaɗan da kashi 25 zuwa 41 cikin 100. Dalilin bai tsaya ga hannun likita kaɗai ba. Mai ba da maganin sa barci, da ma'aikatan jinya, da masu kula da ɗakin kulawa ta musamman, duk suna gogewa ne ta yawan yi, kamar yadda Bahaushe yake cewa yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. Saboda haka idan sabon asibiti ya nemi izinin tiyatar zuciya a garin da marasa lafiyar ba su da yawa, ana iya raba aikin gida biyu, kowane ɓangare ya rasa gogewa. A ɗaya hannun kuma, nisa ma yana kisa. Mai bugun zuciya ko mace mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, kowane minti da aka ɓata a hanya yana rage damar tsira. Aikin hukuma shi ne ta auna waɗannan haɗura biyu, kuma ba za ta iya auna na biyun da kyau ba sai ta ji daga mutanen da suka san hanyar, suka san wanda ke da mota da wanda ba shi da ita.

Wannan shi ne dalilin da ya sa ra'ayin jama'a yake da daraja. Hukuma tana da alƙaluma, mazauna wuri kuma suna da labarin da alƙaluma ba su ɗauko ba.

Ra'ayi Ba Ƙuri'a Ba Ne

Kuskuren da mutane da yawa suke yi shi ne ɗaukar wannan dama kamar zaɓe, wato ɓangaren da ya tara sa hannu mafi yawa shi ne ya ci. Doka ba ta ce a ƙirga kawuna ba. Ta ce a duba ma'aunai: shin akwai buƙata? Shin kuɗin aikin zai fito? Shin ba maimaita abin da ake da shi ba ne? Shin talaka zai amfana? Wasiƙa guda mai ɗauke da hujja a kan ɗaya daga cikin waɗannan ta fi wasiƙu dubu masu cewa "mun yarda" ko "ba mu yarda ba". Akwai hikima a cikin haka, domin yawa ana iya ƙirƙirar sa. A 2017 hukumar sadarwa ta tarayyar Amurka ta karɓi ra'ayoyi sama da miliyan 22 kan wata ƙa'ida ta intanet, amma binciken da ofishin babban lauyan jihar Niyok ya fitar a 2021 ya nuna cewa kusan miliyan 18 daga ciki na bogi ne.

Ra'ayi mai amfani yana da siffofi sanannu. Yana ambaton takardar da yake magana a kanta. Yana isa kafin wa'adi ya cika, domin wanda ya makara ba a tilasta wa hukuma ta duba shi ba. Yana nuna shafi da lambar da yake jayayya da ita, ya kawo tasa tare da inda ya samo ta. Yana bambanta abin da mai rubutu ya gani da idonsa da abin da yake zato. Duk ɗalibin da ya taɓa rubuta rahoton gwaji a ɗakin kimiyya ya san wannan tarbiyya.

Inda Gizo Yake Saƙa

Tsarin yana da masu suka, kuma sukarsu ba ta banza ba ce. Abu na farko, wanda ya fi kowa amfani da damar ƙorafi sau da yawa shi ne asibitin da ya riga ya kafu, wanda ba ya son kishiya. Shi ke da lauyoyi da masana lissafi, shi ke karanta kowace sanarwa, kuma yana iya jan shari'a tsawon shekaru har mai ƙaramin jari ya gaji ya haƙura. A 2004 hukumar ciniki ta tarayya da ma'aikatar shari'a ta Amurka suka fitar da rahoton haɗin gwiwa, inda suka ce irin waɗannan dokoki ba su cika rage tsadar magani ba, suna kuma iya daƙile gasa, suka shawarci jihohi su sake nazari. Jihar Fulorida ta soke mafi yawan tsarinta na asibitoci a 2019, Karolina ta Kudu ta yi haka a 2023, ita ma Karolina ta Arewa ta sassauta wasu sassa a 2023. A lokacin annobar 2020 jihohi da dama sun jingine dokokin na ɗan lokaci domin a ƙara gadaje cikin gaggawa.

Abu na biyu, duk inda izini ya zama dukiya, cin hanci yakan leƙo. A jihar Ilinoi kanta, a 2004 aka bankaɗo cewa wani ɗan hukumar mai suna Stuart Levine yana amfani da kujerarsa wajen neman kamasho daga kwangilar ginin asibiti. Ya amsa laifinsa a 2006, aka ɗaure shi daga bisani, kuma a 2009 aka yi wa hukumar garambawul.

Abu na uku, hukuma tana iya hana rufe asibiti a takarda, amma ba za ta iya ƙirƙiro masa kuɗi ba. Asibitin Mercy ya bayyana karayar arziki a gaban kotu a watan Fabrairu na 2021, wata biyu bayan an hana rufe shi. Abin da jinkirin ya samar shi ne lokaci. A cikin wannan lokaci aka sami wani kamfani mai suna Insight daga jihar Mishigan, ya saye shi a kan dala 1, ya ci gaba da gudanar da shi da sabon suna.

Kammalawa

Irin wannan tsari ba baƙo ba ne a Nijeriya, ko da yake a wasu fannoni ya fi fitowa fili. Dokar auna tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta tanadi a baje rahoton manyan ayyuka domin jama'a su duba su yi tsokaci. Haka kuma dokar 2015 da ta kafa hukumar kula da halittun da aka sauya wa ƙwayoyin gado ta wajabta a sanar da jama'a a jaridu, a ba su wa'adin kawo ra'ayi kafin a ba da izini. Ta hannun wannan hukuma ce waken nan mai jure tsutsa, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta yi aikinsa, ya sami izini a 2019. Sanarwar irin wannan takan fito ne a wani lungu na jarida, kuma ba kowa ne yake tsayawa ya karanta ba.

Abin da tarihin jihohin Amurka ya nuna shi ne, dama ce doka take bayarwa, amma amfani da ita ya rage ga mutane. Inda mazauna wuri suka yi shiru, masu jari da lauyoyinsu ne suke cika zauren. Inda kuwa aka sami waɗanda suka karanta takarda, suka sake lissafi, suka kawo hujja a kan lokaci, hukunci yakan canza. Malamin kimiyya yana iya ɗauko irin wannan sanarwa ya kawo aji, ya sa ɗalibai su fitar da iƙirarin da ke ciki, su tambayi wace shaida ce za ta tabbatar da shi ko ta rushe shi, sannan su rubuta ra'ayi na shafi guda. Ɗalibin da ya iya wannan ya koyi kimiyya, ya kuma koyi yadda zai tsaya wa garinsu a ranar da aka zo gina wani abu ko rufe wani.